Walimar mai ciki da adon littattafan yara: ina neman shawararku

Yayar Auta, Kolambus (Ohayo, Amurka):

Assalamu alaikum 'yan uwa. Da fatan kowa yana lafiya, ya iyali, ya sanyi ga waɗanda ke wannan ɓangaren.

Autarmu ce ke da ciki, na fari, ya shiga wata na bakwai. Shekararta biyu da zuwa nan bayan aurenta, tsakanin gidana da nata tafiyar minti ashirin ce a mota. Da a gida muke, da tuni ta tattara ta koma gaban Hajiya goyon ciki, a ɗakin nan na kusa da rijiya inda ni ma na yi nawa na fari. To Allah bai nufa ba. Sau biyu muna nema wa Hajiya biza ba a samu ba. Saboda haka ni ce yayar, ni ce uwar, ni ce kuma zan tsaya kan ruwan wanka in Allah ya sauke ta lafiya.

Matan da take aiki tare da su suka ce za su yi mata bebi shawa, taron nan da Amurkawa ke yi kafin haihuwa, mata su haɗu su kawo wa mai ciki kayan jariri, a ci a sha a watse. Ta ji nauyin ta ce a'a, ta kuma ji kunyar ta ce to. Da ta faɗa mini na ce su bar mini, a yi shi a gidana, yadda zan iya sa ido a kan abin da za a yi da wanda ba za a yi ba.

Ga abin da ke raina. Kayan sawa ba matsala ba ne, na 'ya'yana suna nan a akwati, mijinta kuma ya sayi gado da kujerar mota. Ina son kowace mace ta zo da littafin yara guda ɗaya, a ciki ta rubuta wa yaron 'yar gaisuwa, maimakon katin da za a karanta sau ɗaya a jefar. Su ma nan suna yin haka, ba ni na ƙirƙiro ba. Adon falon ma ina son ya zama na littafi da tatsuniya gaba ɗaya. Dalilina kuwa, babban ɗana shekararsa tara. Ran nan Hajiya ta kira, na miƙa masa waya, ya gaishe ta, ta fara yi masa wasan kaka da jika, tana ce masa mijinta ya ƙi aiko da cefane, sai ya tsaya yana kallona, ya miƙo mini wayar a hankali. Bai gane ba. Na shiga kicin na daɗe a tsaye. Mu da muka tashi kakarmu na tara mu kan tabarma bayan isha'i, ba na son ɗan Auta ya taso yadda na bari nawa suka taso.

Mata ashirin da biyu nake sa rai. Tara Hausawa ne, har da biyu 'yan Zangon Kumasi da ɗaya 'yar Maraɗi, sai maƙwabciyata 'yar Somaliya, sauran Amurkawa. Dala 300 na ware, saura mako biyar.

Abin da nake tambaya: yaya zan yi adon ba tare da na yayyaga littafi ba? Duk hotunan da na gani a intanet shafuka ake yankawa a yi furanni da tutoci da su, ni kuwa an rene ni a kan in na ga takarda mai rubutu a ƙasa in ɗauke, hannuna ba zai iya ba. Sannan ina ake samun littafin jarirai na Hausa? Na uku shi ne ya fi damuna: na ɗan gutsura wa Hajiya maganar, ta yi shiru, sannan ta ce ita ba ta san ana yi wa abin da ke cikin duhu biki ba. Tun ranar ban sake tayar da zancen ba.

Gwaggon Yara, Zariya:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya raba lafiya, ya ba ki ladan zumunci.

Ta ƙarshen zan fara, don in ba a gyara ta ba sauran duk aikin banza ne. Kada ki ɗauki maganar Hajiya a matsayin tsohon yayi. Mu mun ga abin da ku ba ku gani ba. Mun ga an ɗinka kaya an jera, aka dawo daga asibiti hannu biyu babu komai, uwar ta rasa inda za ta sa idonta a ɗakin. Shi ya sa murnarmu take zuwa daga baya: a haihu, a zo barka, a yi kauri, ranar bakwai a raɗa suna a yanka rago. Kafin nan addu'a ce da kama baki. Ga kuma tsoron baki da ido, wanda ba wasa ba ne.

Amma ki duba abin da goyon ciki yake yi wa yarinya. Ba komai ba ne illa a kewaye ta da mata waɗanda suka riga ta, ta ji ba ita kaɗai ba ce. Wannan shi Auta ta rasa, shi kuma kike son ki ba ta ko na wuni ɗaya. To haka za ki faɗa wa Hajiya. Kada ki ce mata biki, kada ki kira mata sunan Turancin nan. Ki ce mata za ki tara mata a yi wa Auta addu'ar sauka lafiya, kuma kina son ita ta buɗe taron da bakinta ta waya. Uwa da aka hana ta zuwa wurin 'yarta mai cikin fari, abin da ke cinta shi ne a yi komai babu ita.

Sai sharuɗɗa, ki gaya wa baƙinki tun a katin gayyata cikin lalama. Ba ɗora hoto a Facebook ko Instagram. Ba shafa ciki. Na ji ana wani wasa wai a auna faɗin cikin da zare, wannan ki cire shi, yarinya mai kunyar ɗan fari ba za ta ji daɗinsa ba ko ta yi murmushi. Ba kuma sai an sanar mace ce ko namiji ba.

Abu ɗaya game da rubutu a cikin littattafan: ki roƙi Musulmin cikinsu kada su rubuta aya ko sunan Allah. Littafin jariri a baki yake ƙarewa, a ƙasa yake kwana, wataran har banɗaki za a ja shi. Su rubuta fatan alheri da Hausa ko da yarensu. Addu'o'in ki tanadi wani ɗan littafi daban mai kyau, kowa ta rubuta a ciki, Auta ta ajiye a sama.

Nawa ne bambancin lokacinku da namu? In za ki sa Hajiya ta yi tatsuniya, ki tuna mu an hana mu yinta da rana, ana ce mana wanda ya yi zai ɓata. Ba za ta yarda ta yi miki da hantsi ba.

Malamar Aji Biyu, Bauci:

Yaya, sannu da ƙoƙari. Shekarata goma sha huɗu ina koyar da 'yan aji ɗaya da biyu, bari in gaya miki gaskiya kan littattafan: irin mai kaurin kwali ɗin nan da ake yi wa jarirai, wanda ba ya yagewa, da wuya ki same shi da Hausa a kasuwa. Na nema wa nawa 'ya'yan a nan, na sa an duba mini a Sabon Garin Kano, abin da ake samu littattafan makaranta ne da na hikayoyi waɗanda sai yaro ya iya karatu sosai. Kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya daɗe yana buga irin waɗannan, ki sa a sayo miki biyu ko uku a ajiye wa gaba, amma ba na ɗan wata shida ba ne. Mu nan Bauci da Sakkwato an kawo mana shirin Mu Karanta na 'yan aji ɗaya zuwa uku, littattafansa sun yi kyau, sai dai na makaranta ne, ba sayar da su ake yi ba.

Inda za ki samu sauƙi shi ne intanet. Ki duba African Storybook, da StoryWeaver, da Bloom Library. Duka ukun suna da labarai na Hausa masu hoto, kyauta, an yarda ki sauke ki buga. Amma don Allah ki karanta kowanne da kanki kafin ki kai firinta. Wasu fassara ce aka yi da gaggawa, za ki ji Hausar tana ɗingishi. Wasu kuma an zubar da ƙugiyar haruffa, an rubuta kofa a wurin ƙofa, an mayar da ɗaki daki. Ki zaɓi biyar masu kyau, kowanne kada ya wuce shafi goma sha biyu, ki buga a takarda mai kauri a rufe da leda.

Wanda ya fi duk waɗannan a wurina shi ne ku yi naku a wurin taron. Ki yanka farin kwali mai kauri, faɗin tafin hannu biyu, ki zagaye kusurwoyin da almakashi don kada su soki ido. Kowace baƙuwa ki ba ta ɗaya da baƙin alƙalami mai kauri, ta zana abu guda, ke ko wata Bahaushiya ta rubuta sunansa a ƙasa da manyan baƙaƙe: ƙwarya, ludayi, akuya, wata, kaza, ido. Ba sai an iya zane ba. Jariri sabon haihuwa bai gani da nisa, abin da ke tazarar santimita 20 zuwa 30 daga fuskarsa ya fi gani, wato daga ƙirjin uwa zuwa fuskarta, kuma baƙi a kan fari ya fi ɗaukar idonsa fiye da launuka masu laushi. Ki huda gefe ki ɗaure da ƙyalle gajere, ƙulli mai ƙarfi. Kada ki sa fil ɗin sitefula, kada ki manna maɓalli ko duwatsun ado, duk abin da zai ɓalle baki zai tafi.

Wannan ya maye miki gurbin wasan auna ciki da Gwaggo ta hana. In kina son ƙari, ku yi kacici-kacici. Shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya. Baba na ɗaka gemu na waje. Ki fassara wa Turawan ki ga yadda za su yi ta lalube kafin su kai ga tsintsiya da hayaƙi. Wadda ta kasa ta ba da gari, yadda muke yi.

Yayar Auta, Kolambus (Ohayo, Amurka):

Gwaggo, na gode, Allah ya ƙara girma. Wallahi maganar rubuta aya ko kaɗan ba ta zo mini ba. Yanzu da sanyi awa shida ne tsakaninmu, in an shiga bazara ya koma biyar. In muka fara ƙarfe biyu na rana, Kano takwas na dare ke nan, ta idar da isha'i. Ita a wurinta dare ne. Gobe Juma'a zan kira ta in faɗa mata yadda kika ce.

Malama, na shiga na farkon da kika ambata, har na ware guda uku.

Mai Adon Biki, Kano:

Anti, sana'ata ke nan, kamu da walima da suna, yanzu kuma wannan taron ya fara shigo mana nan ma jefi-jefi. Shawarata ta farko: bango ɗaya za ki yi wa ado, wanda Auta za ta zauna a gabansa. In kika ce sai kin bi falon duka, kuɗin zai ƙare kuma ido ya rasa inda zai tsaya.

Tunda tatsuniya ce, Gizo ne mai gida. Ki samu baƙin zaren saƙa ki ja saƙar gizo babba a bangon, daga kusurwar sama ta bazu zuwa tsakiya. Zare takwas da suka fito daga wuri ɗaya, sannan ki zagaya su, minti arba'in ya isa. A jikin zaren ki rataye hotuna da 'yan maƙalan shanya na katako. Hotunan ba daga littafi za ki yanko ba: ki sa 'ya'yanki su zana Gizo da Ƙoƙi, da kura, da dila, da zomo, ki ba su labarin kowanne suna zanawa. Kin ga an yi ado, su ma sun ƙaru. Littattafan gaske kuwa ki tsayar da su a buɗe a kan tebur kamar 'yan bukkoki, ko ki jera uku-uku ki ɗora farantin cincin a kai da faifai a tsakani don maiƙo. Babu wanda aka yaga.

A bakin ƙofa ki rubuta "Ga ta nan, ga ta nanku" da manyan baƙaƙe, duk wadda ta shigo sai ta amsa "Ta zo mu ji ta" kafin a karɓi rigar sanyinta. A bayan ƙofar, inda za su gani in za su fita, ki sa "Ƙurunƙus". Launi kada ya wuce uku, ki ɗauko daga jikin faifai: ruwan ƙasa, ja mai duhu, da baƙi. Ki manta da shuɗi da ruwan hoda, su ne ke tona ko mace ce ko namiji.

In akwai mai tahowa daga gida cikin makon nan, a shiga Kasuwar Kurmi a sayo miki faifai shida, ƙananan ƙore, ludayi, da mafici. Ba su da nauyi, sai dai a naɗe ƙoren cikin zani don suna fashewa a jaka. Ki shimfiɗa tabarma ko darduma a gaban kujerar Auta, ki rage wutar falo, ki sa fitilar ƙwai da ɗan kyandir mai batir a ciki, ba na wuta ba tunda akwai yara da takardu.

Kyautarki ke ta zama kantar littattafan, gajera mai hawa biyu. A fara taro tana wayam, kowa ta zo ta ɗora nata da hannunta, a tashi ta cika. In an kai ta gidan Auta a ɗaure ta da bango, yaro mai rarrafe yana kama abu ya miƙe.

Abu biyu da suka taɓa ba ni kunya a aiki. Na manna ado da salatif mai ƙarfi a wani gidan haya, da muka zo cirewa ya taho da fenti, faɗin tire, sai da na biya mai fenti daga ribata. Ki nemi irin na masu fenti, mai takarda, ki gwada a lungu tukuna. Na biyu balan-balan: ɗaya ta fashe, na tsinci wani ɗan shekara biyu da guntun robar a baki. Tun daga ranar in akwai ƙananan yara ba na sa ta ƙasa-ƙasa. A naki adon ma ba ki bukatarta.

Abin sha kuma, na san hannu zai tafi kan zoɓo saboda launinsa ya dace, amma ana yawan ce wa masu ciki su ƙaurace masa. Ki yi kunun aya ko kunun gyaɗa, kowa ya sha abu ɗaya da ita.

Maman Biyu, Mancesta (Ingila):

'Yar uwa, na yi wa ƙawata irin wannan bara, bari in ƙara abin da na koya. Ki buɗe rukuni a WhatsApp kowa ta rubuta littafin da za ta kawo. Mu ba mu yi ba, aka kawo mana littafi ɗaya har kwafi huɗu. Ki kuma ce musu wanda 'ya'yansu suka gama da shi ma ana so, in bai yage ba. Wata ta kawo nata da alamar haƙorin ɗanta a gefe, shi ƙawata ta fi so. 'Yar Somaliyar da 'yan Ghana su kawo na yarensu in suna da shi.

Kada ki kashe kuɗi da yawa kan na Turanci, za su zo da kansu. Nan Ingila akwai Bookstart da ke ba jarirai kyauta. Ku kuma a Ohayo kuna da Imagination Library, shirin da Dolly Parton ta fara a Tenesi a 1995, duk wata ana aiko wa yaro littafi ta gidan waya daga haihuwa har ya cika shekara biyar, kuma ya game duk jihar taku. Sai an haihu ake rajista, ki sa shi cikin ayyukan bayan suna.

Sai dai zan faɗi wata magana, ki yi haƙuri in ta yi nauyi. Littafi ba ya magana. Ni ma na cika kanta da su, 'yan biyuna ba su kama Hausa ba sai da na daina amsa musu in sun yi mini Turanci a gida, wata uku ana rigima. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara tun 2014 a riƙa karanta wa yaro tun daga haihuwa, amma abin da ke aiki a ciki muryar uwa ce da zaman da ake yi a cinya. Ko littafin Turanci ne, Auta ta buɗe ta nuna hoto ta ce ga kare, ga mota, ina wutsiyar kyanwa. Ki faɗa mata wannan a gaban mijinta, don in shi bai shiga ba rabin aikin ne. Kuma naki mai shekara tara bai wuce ba, kada ki sallama shi.

Yayar Auta, Kolambus (Ohayo, Amurka):

Na dawo da labari. Na kira Hajiya bayan ta sauko daga sallah, na faɗa mata kamar yadda Gwaggo ta tsara mini, ban ƙara ban rage ba. Ta tambaye ni su wa za su zo, na lissafa. Ta tambaya ko za a ɗauki hoto a watsa, na ce a'a. Ta ce to a dafa wani abu a kai sadaka masallaci ranar, kuma kada a zaunar da yarinyar ta daɗe ƙafarta ta kumbura. Da na ce ita za ta buɗe da addu'a, sai na ji muryarta ta canza, ta ce bari ta je ta duba tukunya.

Da asubar nan na tashi na tarar ta turo saƙon murya, minti goma sha ɗaya. Ta sa jikarta ta riƙe mata wayar da daddare ta yi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi tun daga "ga ta nan" har ƙarshe, da waƙar da ke tsakiya, ana jin kukan akuyar maƙwabta a baya. Ta ce wai gwaji ne, in ji ko muryar ta fita. Na kunna a kicin ina haɗa wa yara abin tafiya makaranta. Babban ya ajiye cokali ya saurara har ta kai wurin da take maƙale murya tana tsamin bakin Gizo, ya yi dariya, sannan ya tambaye ni, da Hausa, wace ce Ƙoƙi. Maman Biyu, na ji maganarki, ba ta yi nauyi ba.

Zan rubuta tatsuniyar yadda ta faɗe ta, kalma da kalma, shi da ƙanwarsa su yi zanen, mu ɗinke ya zama littafin farko da za a ɗora a kantar, da sunan Hajiya a bango. Zare da kwali da alƙaluma sun ci dala 41, kanta 55, sauran na abinci ne.

Mai Adon Biki, akwai matar abokin maigidana da za ta taso daga Kano ranar goma ga wata, ta ce tana da wurin kilo uku a jakarta. Faifai shida da ƙore nawa za su shiga? Kuma fitilar ƙwan, a cire gilashin a naɗe daban ko a bar shi a jiki?